Murhun Gashi da Ɗorawar Gandunmu

Ɗana Nazifi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida matarka Rabi. Allah Ya kai ku Ungogo lafiya, Ya sauke ku cikin alheri, Ya haɗa ku da maƙwabta masu mutunci. Gidan da za ku shiga, Allah Ya tsare muku shi daga gobara da ɓarawo da ciwo.

Jiya muna ɗaure kayanku ka tambaye ni wane murhun gashi za ka saya, tunda kana son irin nawa. Na ce zan ba ka amsa, ka yi dariya, domin ka san nufina in rubuta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyara rubutun 'yan jarida ya fi yarda da alƙalami a kan bakinsa. Ba zan ambata maka sunan wani kamfani ba, don sunaye suna canzawa. Zan ba ka labarin yadda na sayi nawa da kurakuran da na tafka a kansa. A shekarar kana hidimar ƙasa a Kudu. Ka dawo ka tarar da murhu a tsakar gida, ka ci nama ka lashe hannu, ba ka san abin da aka sha kafin a kai nan ba.

Ka tuna yadda shekarun suke. Man fetur ya tashi ya ja komai ya tafi da shi. Gas ya gagari masu albashi, suka koma gawayi. Gawayi ya yi tsada, masu gawayi suka koma itace. Mu masu itace muka rasa inda za mu koma sai kara. Kuma ka san ƙasarmu ba daji. Daga bakin garinmu har Dawakin Tofa gona ce jingine da gona, kowace bishiya da mai ita, ko reshe ka karya sai ka yi bayani.

Ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, Baffanka Garba ya same ni a zaure. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Sani, na yi magana da masu sara. Ɗorawar gandu za a kayar."

Ita kaɗai ta rage mana. Ta girme ni, ta girme shi. Da kalwarta matan gidan nan suke daddawa, a inuwarta ake sauke wa manoma abincin rana. Amma kada ka ɗauki Baffanka mugu. Shi ne babba, shi ake kawo wa ƙarar cewa babu na hura wuta. Ya ce tuwon yau da kullum kara yana iya masa ko da ƙyar, Sallah ce ke cin itace: a banƙare raguna a zagaye su da wuta tun rana har duhu, sannan a zo suya.

Na ce, "Yaya, bar mini ita zuwa Sallah. Ragonka da nawa, ni zan gasa su, ba tare da an sa ko guntun itace ba."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Da me? Da jarida?"

"Da wani murhu."

"To, Edita." Haka yake kirana idan yana son ya tsokane ni. "Zan ce wa masu sara su zo washegarin Sallah. In nama ya yi, su koma. In ya fito ɗanye ko ya ƙone, su yi aikinsu, kai kuma kada in ji bakinka."

Na yarda. A lokacin ban taɓa ganin murhun da idona ba, karantawa kawai na yi. Akwati ne na ƙarfe mai murfi, da raga a ciki inda ake shimfiɗa nama. Ba ya cin itace ko gawayi. Abincinsa garin katako ne da aka matse da inji ya zama 'yan ƙananan dunƙule, kamar abincin kifi. Ana zuba su a wani ƙaramin akwati a gefe, wani murɗaɗɗen ƙarfe yana tura su kaɗan-kaɗan zuwa inda wuta take, fanka tana hura su. Abin da ya ja hankalina shi ne garin katako shara ne. Na sha wuce masu yankan katako a Kano suna neman wanda zai kwashe musu shi.

Kuskurena na farko a shago na yi shi. Na shiga Kano wajen masu sayar da kayan gwanjo na waje, na ga murhu guda uku. Na zaɓi wanda ya fi ƙyalli. Na ƙwanƙwasa jikinsa, na buɗe murfi na rufe, na ji ya zauna daidai, na biya. Ban juya bayansa ba. Ni da nake kama ɗigon da ya ɓace a shafin jarida, ban karanta ɗan rubutun da ke manne a bayan abin da na saya ba. Da na kawo shi gida, ranar da aka kawo wuta na jona shi. Ya yi wata ƙara kamar an taka busasshen ganye, wani siririn hayaƙi ya fito ta inda bai kamata hayaƙi ya fito ba. Innarka tana tsaye ta ce, "Har ya fara gashin?" Sai a sannan na juya shi. An ƙera shi ne don ƙasar da ƙarfin wutarta rabin na tamu ne, ko kusa da haka.

Na kai wa Isuhu mai gyaran rediyo. Ni ina karanta ɗan littafin murhun ina fassara, shi yana bin waya da ƙarfensa mai zafi, muna musu muna shiryawa, har ya tashi. Na sayi ƙaramar na'urar rage ƙarfin wuta. Sannan na fuskanci abin da ya kamata in fara tunani tun ina gida: wa ya yi mini alkawarin za a kawo wuta ranar Sallah? Muka haɗa shi da batirin mota da inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, solar gidanmu tana cika batirin. Na kuma gano cewa abin da ke shanye batir shi ne ƙarfen da ke kunna wutar da farko. Fanka da mai tura abincin ba sa cin komai. Sai na koma kunnawa da hannu, da ashana da ɗan tsinken kara, batir ya riƙa wuni.

Don haka, idan ka shiga shago, kada ka fara da fuskar murhu. Ka juya bayansa ka karanta. Ka ce a jona a gabanka, ka ji fanka tana juyawa, ka ga ƙarfen yana tura abinci. Mai shagon da ya ce ba wuta yanzu, ka ce za ka dawo idan an kawo. Ka tambayi kanka da me za ka tashe shi ranar da aka ɗauke wuta, domin a ranar za ka fi buƙatarsa. In ka sami wanda aka yi shi don batir tun asali, ko wanda abincin ke gangarawa da kansa ba sai da lantarki ba, ka fifita shi ko da ya fi muni a ido. Ka taɓa kaurin ƙarfen. Mara kauri yana sakin zafi, yana cin abinci da yawa, damina biyu ya huje.

Na biyu, girma. Da ido na auna shi a shago, a raina ina ganin rago zai shige. Da aka kawo ragona na tsaya ina kallonsa ina kallon murhun, na san ko rabinsa ba zai shiga a banƙare ba. Dole a yanka gunduwa-gunduwa: cinya daban, karfata daban, haƙarƙari da wuya daban, a yi ta sawa zubi-zubi. Da Baffanka ya ji, ya ce ragon da ba a banƙare ba bai yi Sallah ba.

Na ce, "Yaya, cewa na yi zan gasa. Ban ce zan banƙare ba."

Ya ce, "Abin da ya sa ba a ciniki da ɗan jarida ke nan."

Na tsira da kalma, amma aikin ya ninku. Kai ka tafi da igiya ko tef. Ka auna faɗin ragar, ka tuna tsawon cinyar rago, ka tabbata murfin zai rufu a kanta. Amma kada wannan ya sa ka sayi ƙato. Ku biyu ne, sai baƙin da Allah Ya kawo. Babban murhu sai ya ci abinci mai yawa kafin cikinsa ya ɗauki zafi, ko da kaza ɗaya za ka sa. Ka sayi wanda zai ɗauki cinya da karfata a zubi ɗaya. Ya isa.

Gwajin farko da kaza na yi, da ɗan ƙullin dunƙulen da mai gwanjo ya ba ni gyara. Kazar ta fito ja, gwanin kyau. Innarka ta gutsura ta sa a baki, ta tauna sau ɗaya, ta tafi bakin rariya. Da ta dawo ta ce, "Malam, wannan kaza ce ko ƙofa?" Na ɗanɗana. Fenti. Da garin tsofaffin kujeru da katakon da aka shafa wa maganin gara aka yi dunƙulen. Irinsa ya yi a dafa ruwan wanka, amma hayaƙinsa ba na shiga nama ba ne. Ko kare ban yarda a ba kazar ba, binne ta na yi.

Ka riƙe wannan da kyau, domin ya wuce maganar daɗi, maganar lafiya ce. A wannan murhun hayaƙi shi ne rabin kayan yaji. Abin da ka ƙona shi za ka ci. Kafin ka sayi murhu, ka fara samun wanda zai riƙa sayar maka da abincinsa, kusa da kai, ka tambaye shi da wane katako yake yi. In ya ce kowane iri, ka gode masa ka wuce. Ka ɗebi kaɗan ka ƙona a kan murfin gwangwani ka shaƙa. Ƙamshin itace kake nema, ba warin roba ko fenti ba. Akwai kuma na ɓuntun shinkafa, mai araha. Ba shi da illa, yana da kyau a murhun girki, amma tokarsa yawa gare ta, tana toshe wannan kafin nama ya nuna. Ni daga baya na sami wani mutum a Kano mai ƙaramin inji, wanda yake yi da garin ɗanyen katako zalla. Ya ba ni ɗan kaɗan na gwada da zabo. Innarka ta cinye cinya biyu ba ta ce komai ba.

Yanzu ga kuskuren da har gobe ake ba da labarinsa a garin nan. Na san ka ji shi a bakin wasu, to ka ji shi daidai.

Abin ba shi da suna a Hausa. Ni kuma sana'ata ke nan, in raɗa wa sabon abu suna. Na duba siffarsa na ce ƙwayar itace. Suna ne mai kyau, har yanzu ina kare shi. Amma baki yana son gajeren abu, cikin 'yan kwanaki na yar da itacen na bar ƙwaya. Wata safiya ina wurin mai shayi, cike da mutane, mutumin Kano ya kira ni. Ka san ni da waya, sai na ɗaga murya kamar ina kiran wanda ke ƙarshen gona.

Na ce, "Ƙwayar nan da ka ba ni ta yi! Mai ƙarfi ce, ta kai ni har yamma. Buhu biyu nake so. Zalla fa, kada a gauraya ta da komai. Ka ɗaure bakin sosai, kada wani ya buɗe a hanya. Ka ce wa direba kada ya bar ta a tasha, ya kawo mini har zaure."

Na kashe waya na ci gaba da shan shayina. Na lura wurin ya yi tsit, na ɗauka labarin rediyo suke saurare.

Ka tuna a shekarun nan babu abin da ke tayar wa iyaye hankali kamar ƙwaya. Yara sun rasa aikin yi, wasu sun faɗa, har an kafa kwamitin unguwa. Kafin buhunan su iso, labari ya zaga gari ya dawo. Wai fansho ya gaza, Malam Sani ya shiga dillanci. Wasu suka ce ai dama mai yawan karatu sai da taimako.

Ranar da direba ya sauke buhunan, bayan Azahar, aka yi sallama. Na fito na ga Baffanka, da Liman, da mai unguwa. Ba wanda ya yarda ya haɗa ido da ni. Muka zauna a zaure, buhunan suna jingine a bayana.

Liman ya gyara murya. "Malam Sani, ba tonon asiri ya kawo mu ba. Kowa yana cikin matsi. Amma akwai abin da ko yunwa ba ta halatta shi."

Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Na ɗauka wa'azi ne na gaba ɗaya.

Baffanka ya kasa haƙuri. Ya ce, "Sani, in don ɗorawa ne, ka zo mu yi magana. Ba sai ka zubar da sunan gidan nan ba. Mene ne a buhun nan?"

"Ƙwaya ce."

Mai unguwa ya ce, "Inna lillahi."

A nan na ji wani sauti daga bayan ƙofar cikin gida. Innarka ce, ta toshe baki da mayafi, dariya tana neman kayar da ita. Ita ta riga ni ganewa. Na tashi na kwance bakin buhu, na ɗebo cike da hannu na zuba a tafin Baffanka. Ya jujjuya. Ya shaƙa. Ya ɗauki ɗaya ya sa a baki ya tauna, ya tofar.

"Katako ne."

"Katako ne, Yaya."

Liman ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Astagfirullah. Malam Sani, ka yafe mana. Kwana da kwanaki garin nan yana cin namanka ɗanye."

Na ce, "Na yafe. Ku zo ran Sallah ku ci gasasshe."

Suka fashe da dariya, har Baffanka, duk da kunya ta hana shi ɗaga kai. Amma ka ga abin da na jawo wa kaina. Magana tsakanina da yayana ta zama ta gari. Kowa ya ji sharaɗin, kowa ya san masu sara suna zuwa, kowa ya ce zai zo kallo.

Laifin ba na masu shan shayi ba ne, nawa ne. A wurin aiki na sha hana yara gutsure kanun labari har ma'ana ta juye, sai ga ni na yi da bakina. Za ka shiga unguwar da ba a san ka ba, ba a san ubanka ba. A nan an zo an tambaye ni don an san ni. A can ba za a zo ba, sai dai ka ga an daina amsa sallamarka da fara'a. Duk sabon abin da ka kawo gida, ka kira shi da cikakken sunansa, ka nuna wa maƙwabcinka tun bai tambaya ba. Ranar da ka fara kunna murhun, farantin farko na gidan da hayaƙinka ke shiga ne.

Saura kuskure ɗaya kafin Sallah, kuma shi ya kusa kayar da bishiyar. Sallar a farkon damina ta faɗo. Na bar buhunan a zaure, ɗaya a kan benci, ɗaya a ƙasa jingine da bango. Aka yi ruwa mai iska, ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Da safe na tarar da buhun ƙasa ya kumbura kamar an hura shi. Na sa hannu, na ɗebo dusa. Ƙwayar itace da ta sha ruwa komawa take garin da aka yi ta da shi, kuma shanya ba ta dawo da ita. Na kira mutumin Kano, ya ce ya rufe inji ya tafi garinsu Sallah. Raguna biyu, buhu ɗaya.

Ka sayi durom na roba mai murfi tare da murhun, rana ɗaya. Ka ɗora shi a kan bulo. Kada ka bar ƙwayar ta kwana a cikin murhu da damina, tana jan raɓa ta kumbura ta cushe ƙarfen da ke tura ta.

Na zauna na yi lissafi da abin da na gani a gwajin zabo. Buhu ɗaya zai iya, amma da sharaɗi guda: kada a buɗe murfi sai lokacin juyawa ko saukewa. A nan matsalar take. Mu gashinmu na ido ne. Tun muna yara muna gaban wuta, a duba, a juya, a matsa, a gutsura a ɗanɗana. Bahaushe bai yarda nama yana gasuwa ba in ba ya ganinsa. Wannan murhun kuwa zafin da ya tara a ciki shi ke aiki. Duk buɗewa ɗaya zafin ya gudu, sai ya ci sabon abinci kafin ya mayar. Ni kaina a gwajin zabo na buɗe ya fi a ƙirga, shi ya sa ya kai ni har yamma. Na faɗa wa Innarka damuwata. Ta ce, "Wannan ne kawai? Bar mini."

Ranar Sallah muka sauko daga Idi, aka yanka, aka feɗe, aka yanyanka. Na shafe naman da gishiri da citta da tafarnuwa da ɗan mai, yajin ƙuli na ajiye sai ƙarshe don kada ya ƙone. Na kunna, na jira ma'aunin zafin da ke jikin murfi ya hau, na jera zubin farko, na rufe. Ina juyowa na ga Innarka ta ajiye kujera a gaban murhun, ta zauna da kayan Sallarta, muciya a kan cinya.

Mutane suka fara shigowa. Kowa sai ya zagaya murhun, ya sunkuya, ya saurari fanka, hannunsa ya nufi murfi. Sai ta ɗaga muciya kaɗan ta ce, "Barka da Sallah." Hannun ya koma aljihu.

Baffanka ya daure har Azahar. Sannan ya matso.

"Hajiya, dubawa kawai zan yi. Ragona ne fa a ciki."

"Na sani, Yaya. Girmanka yana nan. Amma murfin nan bai san babba ba."

"To wa ya san ko gawayi ya zama?"

"Hancinka bai gaya maka ba?"

Ya shaƙi iska, ya koma tabarma yana cewa an haɗa masa kai a gidan ubansa. Ban yi masa dariya sosai ba, domin ba a jima ba ni ma na tashi, na ce mata ni ne mai murhun, akwai abin da zan tabbatar. Ta ce, "Kai ka ce a hana kowa. Ban ji ka cire kanka ba."

Da lokaci ya yi aka buɗe. Nazifi, na so a ce kana nan. Cinyar ta yi ja mai duhu, maiƙo yana tsattsafowa, ba inda ya ƙone. Na sa wuƙa, ta shige kamar a cikin dafaffiyar kabewa. Na sauke, na jera zubi na biyu, na rufe, ta koma kujerarta. Haka muka yi ta yi. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, ya wuce bai zubar ba. An ɗauke wuta tun safe, ba wanda ya lura, batir yana aikinsa. Ina leƙa akwatin ƙwayar ina ganin tana ja da baya. Zubin ƙarshe wuyan ragon Baffanka ne da haƙarƙarinsa. Na zazzage buhun, na kakkaɓe shi har gindi. Rana tana gab da faɗuwa na ji ƙarfen yana juyawa ba abin da yake turawa. Na bar murfin a rufe, zafin da ya rage ya ƙarasa. Sannan na buɗe, na barbaɗa yaji, na ɗora wuyan a faranti na kai masa da kaina.

Wuya shi ne alƙali, ka sani. In akwai ɗanye a rago, a nan yake ɓuya. Ya ja da yatsa biyu, naman ya rabu da ƙashi. Ya ci. Ya sake ci. Liman da mai unguwa suna kallon bakinsa.

Ya ce, "Yaji ya yi kaɗan."

Ya jawo farantin gabansa sosai.

Washegari da hantsi masu sara suka iso, su biyu, da gatura a kafaɗa. Baffanka ya sa aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo musu nama. Suka ci suka yi hamdala. Babbansu ya ce, "Alhaji, mu wuce gonar?"

Ya ce, "Ku wuce gida. Edita ya fanshe ta da naman ragona."

Na yi aiki shekaru masu yawa, na ga sunana a shafi, an taɓa yaba mini a gaban jama'a. Ban taɓa jin abin da na ji a ƙirjina ba lokacin da na ga gaturan nan suna fita ta ƙofar zaure. Na je na kwashe toka.

Kai ma ka riƙa kwashewa, duk bayan gashi, idan ya huce. Ka goge maiƙon da ya taru a ƙasa, domin shi ke kamawa da wuta ba zato. Kada ka taɓa kunna shi a ɗaki ko a rufaffen kicin don gudun ruwa. Hayaƙinsa ba shi da yawa a ido, amma yana kisa a rufaffen wuri. Ka sa shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, nesa da bango da labule. Kuma ka koya wa Rabi kunna shi da kashe shi tun ranar farko. Ka ga dai wanda ya ci mini yaƙin nan.

Baffanka ya ji ina rubuta maka. Tun waccan shekarar ya naɗa ni mai gashin gidan nan, ba albashi ba murabus. Ya ce in gaya maka ka zaɓi mai kyau, kuma mai shiga bayan a-daidaita-sahu, domin da Sallah a nan zai yi aiki kusa da nawa. Gero ya yi kyau, ya ce bana raguna uku ne.

Innarka tana gaishe ku, tana sa muku albarka. Allah Ya tsare hanyarku, Ya tsare shigarku da fitarku. Allah Ya sa wutar da za ku hura a gidan nan ta abinci ce da baƙi, Ya ba ku abin da za ku ɗora a kanta, Ya ba ku waɗanda za ku ci tare. Allah Ya dawo mana da ku lafiya.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sani